Shirun Mai Jego

SHAFI NA 14

Da sunan Allah Mai rahama.

Masu cewa na cika jan rai, ga shi na kawo, sai ku sake ni in sha ruwa. Ke kuma baiwar Allahn da kika rubuto cewa da Shafa'atu za ta faɗo hannunki sai kin wanke ta da mari, ki karanta wannan shafin tukuna. In hannun naki ya ɗagu bayan kin gama, bismillah.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke. Garin Gozaki ne, zamanin kakannin kakanninmu, lokacin da ba asibiti ba likita, daga ungozoma sai wanzami sai Allah. Shafa'atu ta baro ɗakinta na Maska ta zo gidansu haihuwar fari, ta sami namiji. Mahaifinta ya bi ayarin goro tun kaka bai dawo ba, gida yana hannun uwarta Hajo. Yau wanzami ya zo cire wa jariri belu.

*

Maiwada wanzami ya daɗe yana kallon bayan jaririn.

Cire belu aiki ne da yake yi yana hira yana tauna goro. Amma tun da ya karɓi yaron ya ji cikinsa ya yi tauri kamar ƙwarya, sai ya ajiye ƙarfen, ya kife shi a cinya ya ware tsumman. Goron ma tsayawa ya yi a kumatunsa.

Hajo tana tsaye a kansa da ludayin kunun kanwa a hannu.

"Sarkin Aska, lafiya? Ko mijin nawa ya yi maka rowar baki ne?"

Ya ɗaga kai ya dubi ungozoma.

"Hansai, matso kusa."

Tsohuwar ta ja jiki ta matso. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya tuntuni, ɗayan ma sai a hankali, amma duk rabin Gozaki a hannunta suka faɗo duniya, wa zai ce mata ta tsufa?

"Kawo yatsanki. Taɓa nan."

Ta taɓa. Ta sake taɓawa. Ta shafa sama ta shafa ƙasa.

"Ina... ina wurin yake?"

"Shi nake tambayarki."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ludayin ya suɓuce daga hannun Hajo.

"Ku yi mini magana mana! Me ya sami yaron?"

"Ba shi da dubura, Hajo," in ji Maiwada. "Wurin a shafe yake sumul. Tun da ya zo duniya ba abin da ya fita daga cikin nan."

A cikin ɗaki, bayan asabari, Shafa'atu tana kwance a kan gadon ƙasa mai ɗumi, fuskarta a jikin bango kamar yadda ake son mai haihuwar fari ta yi. Ba ta motsa ba. Ba ta yi salati ba. Idonta kawai ta rufe, don abin da take tsoro tun ranar da ta haihu yau wani bakin ya faɗe shi a fili.

Ku da kuka taso yanzu kuna rungume 'ya'yanku a gaban kowa ba za ku gane ba. A wancan zamani ɗan fari ba naki ba ne a idon mutane. Ba ki kallonsa, ba ki ɗaukarsa sai an matsa miki, ba ki faɗin sunansa har ki mutu. Ya yi kuka ki kau da kai. Wadda ta fi kau da kai ita ce 'yar mutunci. Shafa'atu kuwa ita kanta 'yar fari ce, a hannun kakarta ta girma, kuma tun da take ba ta taɓa jin Hajo ta kira sunanta ba. "Ke", "waccan", "yarinyar nan", shi ke nan.

A waje faɗa ya kaure.

"Ke da kike masa wanka safe da yamma, Hansai, ba ki gani ba?"

"A ɗakin nan mai duhu da hayaƙi? Da wane idon? Ni na zaci ke kike wanke tsummokaran, kina ganin baƙin kashin!"

"Ni kuma na zaci ke ce! Ina can ina fama da itace da tukunyar wanka, ina na ga ta tsumma?"

"To ai ga shi nan, kowa ya zaci kowa."

"Ku bar wannan," in ji Maiwada. "Ihu bayan hari ne. Ku dubi yaron."

Jaririn ba ya kuka irin na jarirai. Wani ɗan nishi yake yi siriri, ya ja ya saki, ya ja ya saki. Cikin ya kumbura yana sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗau a kai. Ana juyo shi sai ga amai kore ya biyo gefen bakinsa.

Hajo ta durƙusa ta goge masa da bakin zanenta.

"Haba maigidana, haba angona. Haka za ka yi mini? Ko kuɗin cefane ba ka ba ni ba tukuna."

Muryarta ta karye a tsakiyar wasan. Ta juyo wurin wanzami.

"Ka tsaga masa. Ba aikinku ba ne? Ka fito da aska ka buɗe masa hanya."

Maiwada ya tofar da goron gefe.

"Zan gaya miki gaskiya, ko da ba za ta yi daɗi ba. Na taɓa ganin irin wannan har sau biyu. Na farko a Malumfashi, fata ce kawai ta rufe wurin. In yaron ya yi kuka sai ka ga ya kumburo ya yi baƙi. Na ɗan taɓa da bakin aska, komai ya fito. Yana nan da ransa, har ya yi aure."

"To alhamdulillahi!"

"Ban gama ba. Na biyu a wani ƙauye ne nan gabas da mu. Shi ba kumburi ba baƙi, kamar dai wannan. Uban ya ce in tsaga, na tsaga. Ban tarar da komai ba. Ya ce in ƙara, na ƙara. Ina shiga ina lalube, yaro yana ihu har muryarsa ta dushe, hanjin yana can sama inda aska ba ta kaiwa. A hannuna ya cika, Hajo, cikin jini. Na yi kwanaki ban iya cin tuwo ba."

Tukunyar wanka tana ta tafasa a gefe.

"In an bar shi fa?" in ji Hansai a hankali.

"In an bar shi, a riƙa ɗiga masa ruwa a leɓe, a rufe shi da ɗumi, a yi ta addu'a. Ba zai daɗe ba. Yadda na ga ƙarfinsa, da wuya ya ga ranar suna."

"In an tsaga?"

"Wataƙila a dace. Amma in kin ce in rantse, zan rantse a kan ba za a dace ba."

Hajo ta ɗora hannu biyu a ka.

"Gaba kura, baya sayaki. To ka zaɓa mana, kai ka san aikin."

"A'a. Ni ba na zaɓar wa ɗan wani yadda zai mutu. Na yi sau ɗaya da bakin ubansa, har yau ina ganinsa a mafarki, balle in yi da bakina. Kuma ba da bakinki ba, Hajo, ki yi haƙuri. Jika ba ɗa ba ne. Mutum biyu ne suka kawo shi. Ɗaya daga cikinsu ya buɗe baki ya ce mini tsaga, ko ya ce mini bari. In ban ji daga gare su ba, zabirata a ɗaure za ta koma."

"Yau na ji ikon Allah," in ji Hansai. "Ɗan fari ne fa! Wa ka taɓa ji ya yi magana a kan ɗan fari?"

"To sai a fara yau."

Uban yaron yana zaure. Abdussamad marini, da hantsin nan ya iso daga Maska a kan jaki, da ƙafar saniya da kayan yaji na mai jego. Gidan surukai ne, ko ƙofar tsakar gida ba ya iya kallo. Ɗansa ma bai gani ba tukuna, ko huɗuba bai yi masa ba.

Hansai ta dogara sandarta ta nufi zauren. Tsakaninsa da ɗakin mai jego zana ce kawai, don haka duk abin da aka faɗa a kunnen Shafa'atu ya sauka.

"Angon ƙarni, ka ji abin da ake ciki?"

"Na ji, Iya."

"To me ka ce?"

Shiru.

"Da kai nake."

"Iya, ni wane ne da zan sa baki? Na fari ne. Kuma a gidan nan? A gaban su Inna?"

"Sarkin Aska ya ce sai da bakinka."

"A aika Maska a gaya wa Baba. Abin da ya yanke shi ke nan."

Maiwada ya ɗaga murya daga inda yake zaune.

"Kafin ɗan aike ya kai Maska ya dawo a wannan damina, ga rafuka sun cika, yaron ya yanke wa kansa. Ba zai jira Babanka ba."

"To... abin da manya suka gani."

"Kai ne manyan yau!"

Ba a sake jin bakin Abdussamad ba.

Wallahi ni mai ba ku labarin nan, wurin nan ne yake ƙona mini rai. Ga mutum yana son ɗansa, tun daga Maska yake murmushi shi kaɗai a kan jaki, amma an ɗaure masa harshe da igiyar da ba ya gani. Kuma duk wanda ke gidan gani yake ya kyauta.

Hansai ta dawo tana girgiza kai.

"Yaron kirki ne, ya san mutunci. Saura ita kuma, ka san ba za ta tanka ba. Tun da ta haihu ko gefen da yake ba ta kalla ba, duk matan unguwa yabonta suke."

Hajo ta miƙe. Ta dubi jikanta a cinyar wanzami, ta dubi asabarin. Sai ta taka har bakin ƙofa, ta sa hannu ta yaye shi gaba ɗaya, haske ya faɗa ɗakin.

"Shafa'atu."

Hansai ta dafe ƙirji.

"Hajo! Sunanta kika..."

"Shafa'atu," ta sake faɗa, da ƙarfi wannan karon. "Juyo ki dube ni."

Shafa'atu ta ji sunan ya shige ta kamar ruwan zafin wanka. Sau nawa tana yarinya take laɓewa bayan rumbu ta ji ko matar nan za ta yi suɓutar baki ta kira ta? Sau nawa ta yi zazzaɓi tana jiran wannan muryar? Sai yau, ranar da ba ta da inda za ta ajiye daɗinsa.

Ta juyo. Fuskarta jiƙe take sharkaf.

"Na kira ki, ƙasa ba ta tsage ba," in ji Hajo. "Kin gani? Ba abin da ya faru. Na yi shekaru ina haɗiye sunan nan a banza. Tashi ki fito ki yi magana a kan ɗanki."

Ta sauko daga gadon tana dafa bango. Ta fito tsakar gida, ta durƙusa a gaban wanzami, ta miƙa hannu biyu.

"Ba ni shi."

Maiwada ya ɗora mata shi.

Yadda ta karɓe shi ne ya tona mata asiri. Ta tallafe ƙeyar, ta kauce wa cibiyar, ta kwantar da shi a gefen da ya fi samun sauƙin numfashi, ba tare da ta yi lalube ba. Hansai da rabin idonta ma sai da ta gani.

"Wannan hannun ba yau ya fara ɗaukarsa ba," in ji tsohuwar.

"Ba yau ba ne, Iya."

"Au!"

"Duk sanda kuka fita kuka bar mu, ɗaukarsa nake. In kun tafi ɗibar ruwa, in Inna tana wurin murhu. Ina jin takunku sai in ajiye shi in juya bango."

Ta juya wurin Hajo.

"Na sani, Inna. Tun ranar da aka haife shi na sani."

"Kin san me?"

"Na kwance tsumman in ga ko duk jikinsa lafiya. Na ƙirga yatsunsa. Na juya shi. Na ga wurin a rufe."

Hajo ta ja da baya har ta jingina da bango.

"Kin gani? Kika yi shiru?"

"In na faɗa, sai a ce ta yaya na gani. Sai a ce 'yar Hajo ta kwance ɗan fari tana dubawa. A kai labarin Maska, a kai bakin rijiya. Na ce Iya za ta gani wurin wanka. Kullum in an ɗauke shi sai in ce yau za ta gani. A dawo da shi a kwantar, ba wanda ya ce komai."

"Ko da alama ba sai ki yi mana ba!"

"Na yi."

Ta juya ta dubi ungozoma.

"Ranar da mata suka cika ɗaki barka, na ce miki, Iya, abin nan naku ku ƙara duba shi da kyau. Kin tuna abin da kika ce?"

Hansai ta kau da kai.

"Kika tafa hannu kika ce, jama'a ku zo ku ji mara kunya, tun ba a yi suna ba ta fara kishin ɗa. Ɗaki ya ɗauki dariya. Har guɗa aka yi mini. Inna ma ta harare ni."

Kukan kurciya jawabi ne, in ji masu magana, amma ranar ba a sami mai hankalin da zai gane ba. Hansai ta zauna daɓas a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Maiwada bai shiga wannan ba. Ya matso kusa, ya sassauta murya.

"'Yata, tun da ke kike duba shi, zan tambaye ki abu ɗaya. Ki tuna da kyau. Fitsarinsa fa? Fari ne tas?"

Ta girgiza kai.

"Akwai baƙi-baƙi a ciki. Kamar an jiƙa toka. Jiya ma na gani a tsumma."

Wanzamin ya runtse ido. Ya jawo zabirarsa, ya fara naɗe bakinta a hankali.

"Me ke nan?" in ji Hajo. "Me ya sa kake ɗaurewa?"

"Wancan yaron da na ba ku labari, haka nasa yake. Hanjin bai sauko ba, ya ɓalle ta wata hanya can ciki. Ɗan zaton da nake da shi, wannan maganar ta tafi da shi."

Shafa'atu ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi wa babban mutum ba.

"Baba, don Allah kada ka rufe ni. Da na faɗa tun ranar farko, da ya rayu?"

Ya ƙarasa ɗaure bakin zabirar, ya dube ta.

"Da kin faɗa ranar farko, yana da ƙarfinsa, cikin bai kumbura ba, da na gwada da zuciya ɗaya. Ko da zan tarar, ko ba zan tarar ba, wannan Allah kaɗai ya sani. Ba zan ce miki e ba, ba zan ce miki a'a ba."

Da ya ce e, da ta san laifinta ta ɗauka. Da ya ce a'a, da ta sami inda za ta raɓa. Ya bar ta a tsakiya, kuma a nan za ta zauna har ƙarshen ranta.

Ta sunkuya ta dubi ɗanta a cikin hasken rana, karon farko ba a sace ba. Ashe gashin girarsa irin na ubansa ne. Ashe akwai ɗan tabo a bayan kunnensa. Ya kama yatsanta ya riƙe, riƙon da ba shi da ƙarfi. Son da ta yi ta dannewa ya taso mata gaba ɗaya har ta ji kamar ƙirjinta zai fashe.

"To me kika ce?" in ji Maiwada.

"Ka bar zabirarka a ɗaure, Baba."

"Kin tabbata?"

"Tun da ya zo bai san komai ba sai ciwo. Bayana ya fi sani. Ba zan bari abin da zai gani na ƙarshe ya zama aska ba. Ku bar mini shi a nan, a ƙirjina. In ɗiga masa ruwa da hannuna. In zai tafi ya tafi yana jin ɗumina."

Hajo ta share ido.

"Ba kisa ba ne in an bar shi?"

"Ni ba malami ba ne," in ji Maiwada. "Amma wanda ya rufe wurin ba mu ba ne."

"Abu ɗaya nake roƙo," in ji Shafa'atu. "A ce masa... a ce wa uban ya yi masa huɗuba yanzu. Kada a jira ranar suna. Kada ya tafi ba a san me za a kira shi ba."

Ba ta rufe baki ba aka ji zanar zaure ta yi ƙara.

Abdussamad ne a tsakar gida.

Surukin da ko inuwar Hajo ya hango sai ya canja hanya, yau ga shi tsaye a gabanta, da takalmi a ƙafa, ba sallama ba durƙuso. Idanunsa sun kaɗa sun yi jajur.

"Kin sani?"

Shafa'atu ta sunkuyar da kai.

"Tambayarki nake! Kin gani da idonki kika juya bango kika kwanta?"

"Kai ma ɗazu aka tambaye ka," in ji Hajo. "Me ka ce?"

Maganar ta same shi, sai da ya yi taga-taga. Amma wanda ya ji kunyar kansa ya fi kowa zafi.

"E, na yi shiru, Inna. Shirun nan ne ya kawo mu nan. Nata da nawa da na kowa. To ni na gama shiru." Ya juya wurin wanzami. "Ka ce sai da bakin uba ko uwa. Ga bakin uba. Ɗana ne. A tsaga."

"Samari, ka ji abin da na ce game da fitsarin?"

"Na ji. Ka ce Allah kaɗai ya sani. Ko ba haka ka ce ba?"

"Haka na ce, amma..."

"To in Allah kaɗai ya sani, don me za mu naɗe hannu mu zuba masa ido yana mutuwa? Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta. Na Malumfashi ba ya rayu ba?"

"Nasa daban."

"Ko cikin dubu ɗaya ne, ina son ɗayan nan! In ya mutu a aska, na san na nema masa. In ya mutu a haka, me zan ce wa kaina? Me zan ce wa Baba?"

"Wahala za ka ƙara masa," in ji Shafa'atu, muryarta can ƙasa. "Ba ka ji nishinsa ba kwanakin nan. Ni na ji."

"Kin ji kika yi me?"

Ta mai da idonta kan yaron.

Kada ku yi saurin zagin Abdussamad. Ku ajiye wayar ku tambayi kanku, da ku ne, wanne za ku ce? Shi yana ganin barin yaron shi ne a sake yin shiru a karo na biyu. Ita tana ganin askar ba don yaron za a sa ba, don manya su sami abin faɗa wa zuciyarsu ne. Ni da nake rubutawa na kasa raba musu.

Maiwada ya dubi wannan, ya dubi waccan.

"Na roƙi baki ɗaya, an ba ni biyu." Ya yi ajiyar zuciya. "Hajo, kin san yadda abin yake. In uba da uwa suka saɓa a kan ɗa, maganar uba ake bi. Ba ni na kafa ba."

"Sarkin Aska..." in ji Hajo.

"Hansai, tashi ki kawo ruwan ɗumi da tsumma mai yawa. A shimfiɗa tabarma a nan inda haske yake."

Ya kwance bakin zabirar da ya ɗaure. Ya zaro ƙaramar aska, ya fara wasa ta a fatar da ke cinyarsa. Hannunsa ba ya son aikin, kowa ya gani, amma yana yi.

Shafa'atu ta ƙanƙame yaron. Ta kai bakinta kunnensa, ta raɗa masa wani suna da ta daɗe da zaɓa tun yana ciki, sunan da ba wanda ya ji sai shi.

Abdussamad ya durƙusa a gabanta. Ya miƙo hannayensa biyu, hannayen da ruwan marina ya rina shuɗi har wuyan hannu.

"Miƙo shi."

Ba ta motsa ba.

"Don girman Allah, ki miƙo shi tun da sauran lokaci."

A nan ne ta lura.

Nishin nan siriri da ke ja yana saki tun safe, ba ta jin sa. Ƙarar askar a kan fata ta rufe kunnen kowa, ba wanda ya ankara. Yatsun da suka riƙe nata sun saki. Ta matse shi a ƙirji tana neman bugun nasa, amma nata ya cika mata kunne, ta kasa rabe wanne ne wanne. Ko barci ne ya ɗauke shi? Ko suma ce? Ko kuwa...

Mayafinta ya rufe fuskarsa. A duk gidan nan, yau ma ita kaɗai ta san abin da ke jikin yaron.

"Na gama," in ji Maiwada, ya ɗaga askar. "A kawo shi."

Hajo ta dubi fuskar 'yarta, ta matso kusa da ita.

"Shafa'atu," ta ce. "Me kika gani? Wannan karon ki faɗa."

Shafa'atu ta kai hannu bakin mayafin.